Hannun da Bai Yi Zafi Ba

Zauna tukuna, Sallau, kai kullum kamar ana korarka. Ka ce man suya ya zubo wa mai ɗakinka a hannu shekaranjiya, wurin ya yi fari, amma tunda ba ya yi mata zafi ba sai an je asibiti ba. To, wannan maganar taka ta tuno mini da wasu mata biyu a garinmu, lokacin ina amarya.

A wancan zamani ruwan sanyi sai na randa, randar kirki kuwa daga gidan wasu magina biyu take fitowa, ya da ƙanwa. Yayar ce gwana. In ta ɗora yatsunta huɗu a wuyan tulu tun yumɓun na ɗanye, ta juya shi sau ɗaya, sai wani zane ya fito wanda ko cikin tulu ɗari ka gane nata ne. Wallahi har yau in na sha ruwan leda sai ƙamshin randarta ya faɗo mini, in ji kewa ta kama ni. Magina kuwa suna da wani alfahari nasu, wai hannun maginiya ya saba da wuta, wuta ba ta cin sa. Ran Laraba suke ƙona tukwane a bayan gari, a jera su, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna.

Wata Laraba tarin ya zame ta gefe, wata babbar randa ta gangaro da zafinta, su biyun suka kai hannu. Ƙanwar shafar ta kawai ta yi ta janye, tana ihun da aka jiyo har bakin kasuwa. Aka yi ta kwarara mata ruwa, hannun ya yi ja ya ɗuri ruwa, aka ɗora ta a jaki sai ɗakin shan magani. Yayar kuwa tare randar ta yi har ta zaunar da ita ƙasa. Tafin hannunta ya yi fari fat, ya bushe kamar fatar ganga, ko ɗigon zafi babu. Ta yi wa ƙanwarta dariya, ta kira ta raguwa. Aka shafa mata man shanu, aka manna gashin zomo, ta haɗa yatsun ta ɗaure da tsumma. Malamin asibiti ya aiko a ce ta zo, ta ce sai an ci kasuwa. Aka ci kasuwa, ta ce ai ciwon da ba ya hana barci ba ciwo ba ne.

Ita ƙanwar ta sha wuya, ba a magana. Kullum a wanke, a naɗe kowane yatsa daban, a hana ta fasa ruwan, a sa ta motsa yatsun tana hawaye. Sati uku ta koma kan yumɓunta. Yayar kuwa sai da hannun ya fara wari, zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan aka ɗauke ta zuwa birni. Likita ya ce ƙunar da ta tsaya a sama ita ce mai raɗaɗi, wadda ta nutse kuwa ta riga ta cinye jijiyoyin da ke kai labarin zafin, shi ya sa take yin shiru. Ya ce da ta zo a kwanakin farko, da an ɗebi fata a cinyarta an dasa. Aka tsira da ranta da hannun, amma yatsun nan huɗu sun manne sun lanƙwashe, ba su sake buɗewa ba.

Bayan shekara na je sayen tulu. Na tarar da ita zaune kusa da ƙanwarta, tana gaya mata yadda za ta ɗora yatsu, zanen ya ƙi fitowa. Na roƙe ta ko da hagu ta ɗan zana mini a wani da aka gina jiya. Ta shafa wuyansa da dunƙulallen hannun nan, sannan ta ce, "Ya riga ya bushe, 'yar nan. Ba ya karɓa." Tun daga ranar ban sake ganin zanen nan ba.

Saboda haka tashi, Sallau. Kada a ƙara shafa mata komai, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ka nemo abin hawa ku tafi tun hannun nan yana karɓa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini tun ran zane.