Gurbin Jan Harafi

Ɗana, ka ce mahaifinka ya tsufa, yana ɓata maka aiki a shago, har kana tunanin ce masa ya zauna gida ya huta. To, saurara in ba ka misali.

A can ƙasar Ingila, zamanin da aka fara buga littattafai, an yi wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwafar littafi da hannu. Da alƙalamin gashin tsuntsu ya ciyar da iyalinsa, har yatsansa ya yi kanta. Ɗansa kuwa ya ƙetare teku ya koyo sabuwar sana'a: a jera ƙananan haruffa na dalma, a shafa musu tawada, a ɗora takarda a danne da injin katako. Littafin da uban zai shekara yana rubutawa, ɗan sai ya fitar da ɗaruruwansa cikin 'yan watanni. Sannu a hankali masu kawo wa dattijo aiki suka ɗauke ƙafa. Bai taɓa ƙorafi ba, sai ma yabon yaron da yake yi gaban maƙwabta. Amma ɗan yana lura da shi, kullum da safe sai ya fere alƙalami tsaf, ya ajiye, ya zauna yana kallon hanya.

Ran nan dattijo ya zo shagon ɗansa ya ce a ba shi abin yi, ɗan ya sa shi jera haruffa. Su kuwa haruffan nan ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a juye ake jera su, ga ido ya yi rauni, ga hannu yana rawa. Sai da aka buga tari guda sannan aka ga shafukan cike da kurakurai, takarda kuma a lokacin ba ta samuwa da sauƙi. Abokin sana'ar ɗan ya fusata, ya ce ko tsoho ya koma gida, ko shi ya zare hannunsa. A kunnen dattijo aka yi maganar. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ɗan ya bi shi da kallo, ya ga yadda kafaɗun da suka ɗauke shi yana yaro suka ranƙwafa, sai zuciyarsa ta karye.

Da ɗan ya zauna sake jera shafukan da kansa, sai ya bar fili a farkon kowane babi, gurbi kamar faɗin tafin hannun jariri. Ya buga, ya kwashi takardun da kwalbar jar tawada ya kai gida, ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, injin nan baƙi kaɗai ya iya. Harafin farko ya gagare shi, sai hannunka." Dattijo ba yaro ba ne, ya gane abin da ɗansa yake nufi. Ya daɗe yana kallon gurbin, sannan ya ce a matsar masa da kujera kusa da taga. Babban harafi ba ya wahalar da ido, in kuma hannu ya yi rawa layi ya karkace, sai ya mai da shi reshe ya sa masa ganye. Abokin sana'a ya ga an daina asarar takarda, ya bar maganar. Haka suka yi shekaru, ɗa ya buga, uba ya buɗe babi. Ranar da dattijo ya rasu, masu yi masa wanka suka yi ta fama da jar tawadar da ta kama yatsunsa. Ɗan ya riƙe hannun a hankali, ya ce su bar ta.

Kai ma je ka dubi shagonka da kyau, ba za ka rasa gurbin da za ka bar wa mahaifinka ba. Ai Hausawa sun ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.