Allurar da Ta Shige Kan 'Yar Tsana

Tunda kin ce akwai maganar da ta tsaya miki a maƙogwaro, kina tsoron abin da za a ce in kin faɗa, gyara zama ki ji wani misali.

An yi wata mai ɗinki a wani gari. Baƙuwa ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Ita ke ɗinka kayan matan unguwa, ƙyallayen da suka saura kuwa ba ta zubarwa, tara su take yi a wani tsohon kwando. Ranar Alhamis, da yake yara na hutu, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya tana koya musu 'yar tsana mai shiga hannu. A dunƙule auduga a naɗe da farin ƙyalle ya zama kai, a ɗinka maɓallai biyu su zama ido, a yi mata riga mai faɗi. Manuniya ta shiga wuya, babban yatsa da na tsakiya su zama hannuwa, sai ki ga tsumma yana gaisuwa yana rawa. Kowace yarinya kuma ƙyallen zanen uwarta take tonowa a kwandon, don tata ta yi kama da gidansu.

Wata Alhamis ta raba wa yara shida allura shida. Ana kiran azahar suka watse da gudu, kowa da 'yar tsanarsa a hannu. Ta zo tattara kaya, ta ƙirga allura, biyar. Ta kakkaɓe tabarma, ta shafa ƙasa da tafin hannu, har rairayin wurin ta tankaɗe da rariya. Babu. Sai ta tuna abin da yara ke yi in hannu ya gaji: su soke allura a kan 'yar tsana su huta. Auduga kuwa haɗiye allura take yi, ba a ganin ko gindinta. Tsoro ya kama ta, domin kusan duk gidajen nan shida akwai na goye ko mai rarrafe.

Amma akwai wani tsoron da ya danne wannan. Ta san mutanen garin. 'Yar tsana sanye da zanen mace, da allura binne a kanta, daga hannun baƙuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, wannan ba mantuwa za a kira shi ba, sammu za a ce. Ta ga yadda aka raka wata tsohuwa bayan gari da jifa a kan abin da bai kai haka ba. Zuciya ta ce mata ta yi shiru, ƙila allurar tana cikin ƙasa. Ta hau keken ɗinki ta taka, ɗinki ya karkace. Ta kai loma baki, ta mayar da ita kwano. Duk kukan yaron da ta jiyo ta bayan katanga sai ta zabura ta miƙe.

Kafin la'asar ta yafa mayafi, ta ɗauki 'yar tsanar da take gwada wa yara da ita, ta fita. Kowane gida ta shiga, tun daga bakin ƙofa take ɗaga murya: "Allurata ta ɓata, ina tsoron tana cikin 'yar tsanar da aka kawo gidan nan. Ku ba ni in duba." A gidan farko aka yi mata dariya. A na biyu wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta jawo jikarta jikinta. Ita dai sai ta karɓa ta matse kan da yatsu, ta miƙa, ta wuce.

A gida na huɗu uwar tana daka. Yarinyar ta tafi ɗebo ruwa ta bar wa ƙanenta 'yar tsanar, shi kuwa haƙori yake fitarwa. Ga shi zaune a tsakar gida, kan 'yar tsanar cikin bakinsa, ya jiƙe sharkaf da miyau, yana ta gatsa. Mai ɗinki ta matso kusa da shi. Ba ta fizge ba, kada ya ƙara datsewa. Ta durƙusa a hankali, ta zura hannu cikin tata 'yar tsanar tana sa ta rawa a gaban idonsa, har yaron ya buɗe baki ya yi dariya ya saki. Ta ɗauka ta matsa. Allurar ta shige mata babban yatsa, jini ya ɓata farin ƙyallen. Tsininta yana nan tsakanin maɓallan idon, ƙyalle ɗaya ne ya rage tsakaninta da dasashin yaron.

Uwar ta saki taɓarya. Ta dubi zanenta a jikin 'yar tsana, ta dubi allurar. Mai ɗinki tana durƙushe tana jiran kalmar nan da take tsoro. Can uwar ta ce, "Iya, wallahi da ni na tsinci wannan da hannuna, da yau ba ki kwana a garin nan ba. Amma da ƙafarki kika zo, tun daga gidan farko nake jin muryarki." Ta yage gefen rigar 'yar tsanar ta ɗaure mata yatsan.

Kin ji, da shirun ta zaɓa, da yaron da sunanta duka za ta rasa. Ki tashi ki je ki faɗi taki tun ba a gano ba. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.