Labule Shida

Ummul-Khairi tana da shekara hamsin da bakwai ranar da ta ji ƙullutu a nononta na hagu. A unguwar Ajame take zaune, a kasuwar Tireshbil take sayar da atamfa, rumfarta jingine da tawa. Ku ji da kyau, ba ta yi sakaci ba. Kwana uku da jin ciwon ta tafi asibiti. Mijin 'yarta, Abdulra'uf mahauci, shi ya kai ta, ya zauna a waje yana jira.

Ɗakin duba mata gado shida ne, ba labule ko ɗaya, ƙofa a wangale tana fuskantar bencin da maza ke zama. Nas ta ce mata ta tuɓe, da Faransanci. Ba ta gane ba. Sai nas ta kama rigarta ta yaye da kanta, ta ce da Julanci, yaren kasuwar garin, "Mama, yi sauri, ba ke kaɗai ba ce!"

Ummul-Khairi ta ɗaga kai, suka haɗa ido da surukinta. Mutumin da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba!

Ba ta jira likita ba. Ta ja mayafi ta fice.

Wata biyar tana ɗaka tana shafe-shafen maganin gargajiya. Da aka mayar da ita, a sume aka ɗauke ta, kuma sai da aka yanke nonon. Likita ya ce ta riƙa zuwa duk mako, in ba haka ba ciwon zai bazu. A wane ɗaki? Wannan dai.

Ta ce, "Gara in mutu da zanena a ɗaure."

Nan raina ya ɓaci. Mu tara, matan layin atamfa, muka rufe rumfuna muka nufi ofishin shugaban asibitin. 'Yarta Afra'u ce ta yi mana tafinta.

Shugaban ya gyara tabarau ya ce, "Iyayena, mu magani muke bayarwa. Labule ai ado ne."

Na ce, "Afra'u, faɗa masa yadda na faɗa, kar ki sassauta. Ɗana, tashi ka cire wandonka mu duba ka. Mu tara ne kacal, kuma duk mun haife ka."

Ya yi dariya. Da ya ga ba mai taya shi, dariyar ta maƙale.

Na ce, "Kai minti ɗaya ka kasa. Ita a gaban surukinta aka yi mata, har ta rasa nono. Wannan ne adon?"

Ba mu jira amsa ba. Da atamfa turmi shida da igiya muka zo. Muka shiga ɗakin, muka zagaye kowane gado, marasa lafiya suna ta sa mana albarka. Wata tsohuwa har da guɗa daga kwance.

Kunya ta kama shugaban. Kafin mako biyu ya sa an kafa ƙarafan labule, aka ɗauke bencin maza daga bakin ƙofa, aka kawo mace mai jin Hausa da Julanci. Nas ɗin nan ma ta zo ta durƙusa ta ba da haƙuri.

Ranar da muka rako Ummul-Khairi, ta tsaya ta shafa labulen.

Ta ce, "Yaya, wannan ai daga rumfata ya fito."

Na ce, "To shiga, kayanki ne za su rufa miki asiri."

Ba ta sake tsallake mako ko ɗaya ba. Yau tana kasuwa, tana faɗa da masu taya mata kaya da arha.

Jama'a, allura da ƙwaya ba su isa ba in an tozarta mai ciwo. Ku ma'aikatan asibiti, ku suturta mutum kafin ku taɓa shi. Mu kuma, in an ci mutuncinmu, kada mu gudu gida mu mutu. Mu tsaya mu yi magana har a gyara.