Jiƙaƙƙen Kafet a Motar Wilfredo

Wilfredo Cárcamo yana aikin kiwon kifi a cikin teku, yakan shafe makonni bai taka garinsu Puerto Montt ba. Idan ba ya nan, matarsa Nolfa ce ke riƙe da motarsa, da ita take rarraba wa shaguna burodin da take gasawa.

A wata dawowa, yana buɗe ƙofar motar sai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na alewa ya daki hancinsa. Gilashin gaba ya yi hazo ta ciki, da ya goge da hannu ya ji maiƙo. Kafet ɗin gefen direba a bushe yake, na gefen mai zaman banza kuwa sharkaf.

A garin da ruwan sama ba ya hutu, jiƙar kafet ba labari ba ce. Amma me ya sa gefe ɗaya? Ya kai zancen wurin abokin aikinsa Rudecindo, wanda bakinsa ba shi da linzami.

"Mutumina, mota ai ba ta gumi ita kaɗai," in ji Rudecindo yana dariya. "Wani ke shiga da jiƙaƙƙen takalmi. Kuma ɗan gayu ne, tunda har da turare."

Rudecindo ya manta da maganar kafin ya kai gida. Wilfredo kuwa da ita ya kwana, da ita ya tashi.

Nolfa da kanta ta gaya masa motar ta koma shan ruwa, kullum sai ta ƙara a lagireto, kuma idan ta kunna hita mai ɗumama cikin motar, hazon ƙaruwa yake yi. Ta ce ya kai wa Aliro, bakaniken unguwa, ya duba.

"Aliro? Tun yaushe sunansa ya zauna miki a baki haka?"

"Tun muna aji ɗaya a firamare, kai ma ka sani. Wai me kake nufi ne, Wilfredo?"

Sai ya rantse motar ba za ta taka garejin Aliro ba, ya karɓe makulli, ta koma kai burodi a motar haya. Ya shiga lalube ƙarƙashin kujeru, yana duba wayarta idan ta shiga wanka, yana bugun cikin maƙwabta. Bai samu komai ba, sai ya ce ai iya taku ne. Ya busar da kafet da tsoffin jaridu, aka kwana biyu ya sake jiƙa, alhali makulli yana aljihunsa. Maimakon wannan ya sa shi tunani, sai ya yanke cewa ta yanko wani makullin a ɓoye.

Ran Lahadi ya tafi garin Calbuco ɗauko mahaifiyarsa, Doña Ercilia, don ta zo ta titsiye Nolfa. Tsohuwar tana fama da ciwon suga, ga sanyi, ga ruwa ana tsugawa. Takalmanta sun jiƙe, ta cire su, shi kuma ya ƙure mata hita ya karkatar da iskar zuwa ƙafafunta. Suna tafe yana zayyana mata laifukan matarsa.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, a cikin duk wannan, me ka gani da idonka?"

Ya buɗe baki zai nuna mata kafet ɗin ke nan, wani abu ya fashe a ƙarƙashin gaban motar. Tafasasshen ruwa ya kwararo kan ƙafafun tsohuwar, ta ƙwalla ƙara. Tururi ya cika motar, gilashi ya yi fari fat. Ya taka burki a makance, motar ta zame ta faɗa rami.

Shi goshi kawai ya fasa. Doña Ercilia kuwa ƙunar ta ƙi warkewa saboda ciwon suga, daga ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar dama daga idon sawu.

Bakaniken da aka ja motar zuwa wurinsa, wanda bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, ya nuna wa Wilfredo wani ɗan ƙaramin lagireto na hita da ke ɓoye ta gefen mai zaman banza. Ya daɗe yana yoyo, in ji shi. Ruwan sanyaya inji ne ke ɗiga a kafet, shi ne mai wannan ƙamshin, kuma tururinsa ne ke shafa wa gilashi maiƙo. Da an kawo da wuri, aikin yini guda ne.

Nolfa ta yi jinyar surukarta a asibiti har aka sallame ta. Ranar da suka dawo gida Nolfa ta haɗa kayanta. Wilfredo ya tare ƙofa yana ba ta haƙuri, yana ɗora laifin a kan Rudecindo.

"Rudecindo wasa ya yi," ta ce. "Kai ne ka zauna da ni shekara da shekaru, kuma ka yarda."

Ta koma wurin yayarta a Osorno. Shi kuma ya bar aikin teku, ya koma Calbuco yana tura mahaifiyarsa a keken guragu.

Mai karatu, zato zunubi ne, kuma yana makantar da mutum daga ainihin matsalar da ke gabansa. Idan ka ga kafet ɗin motarka yana jiƙa, gilashi yana hazo da wani baƙon ƙamshi, nemi bakanike tun da wuri. Idan kuma zuciyarka ta fara zargin naka, ka bincika kafin ka yanke hukunci.