Juya Shafi

Da fasto ya ce, "Wa zai karanta mana Maganar Allah yau?" sai tsohuwar nan mai sayar da daddawa a kasuwar Kankia ta miƙe. Majami'a ta yi tsit.

Shekara talatin tana zuwa sujada a majami'ar nan da littafinta, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Sai dai ta saci kallon ta kusa da ita, in ta juya shafi ita ma ta juya. Ƙawayenta na zumuntar mata suka ce son karatu a shekarunta neman suna ne, mai bi na ƙwarai danne zuciyarsa yake yi.

Ta taɓa kai wa fasto kuka: "Na roƙi Ubangiji ya cire mini kwaɗayin karatun nan, ya ƙi."

Ya ce, "Mama, wanda ya shuka shi a zuciyarki kike cewa ya tuge?"

Daga nan ta yi damina biyu a ajin koyon karatu na manya.

Yau ta ɗora yatsa bisa layi, tana karantawa a hankali, muryarta ba rawa. Jama'a na biye da ita. Sai da ta juya nata shafin, sannan kowa ya juya nasa.