Kaset ɗin Gwadabe

Alhamis ta zagayo, Gwadabe ya sake hawa motar Shinkafi da buhu a hammata.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, dattawan unguwarsu a Ƙaura Namoda kuma suna shawarar ba shi ladanci. Abu ɗaya ya hana shi sakat. Kafin ya tuba ya tsayar da gemu, goge yake ja a gidajen rawa na Zurmi, zamanin da gwanaye ke sa tsagiya magana. Har kaset ya taɓa yi, guda ɗaya tak. Ranar da ya shiga kunnen liman, ladanci ya tafi.

A rumfar wani Hayatu mai sayar da kaset a kasuwar Shinkafi ya fara cin karo da kaset ɗin, can ƙasan kwali, ƙura ta kusa cinye sunan. Ya ce a faɗi kuɗi, ba zai taya ba. Hayatu ya dube shi da kyau, ya ce wannan da mai shi, amma ya dawo mako mai zuwa.

Da ya koma ya tarar da biyar. Ya kwashe, ya ƙona su a bayan gida. Alhamis ta gaba goma ya samu. Akuyar matarsa ta farko ta tafi a kuɗin kaset, ta biyu ta bi ta.

Tsoro yake ji, amma a faɗi gaskiya daɗin ya fi tsoron yawa. Makaɗa haka Allah ya yi su, ko sun tuba kunnensu na wajen tafi. Bai taɓa jin kiɗan a mota ko teburin mai shayi ba, sai ya ce ai zamani ne, a ɓoye masoya ke saurare. Tawadar sunansa kan ɓata masa yatsu don sabunta, ya ce kaya ne ba ya kwana.

Da matarsa Ladidi ta tambayi awakinta, cewa ya yi, "Ke dai ba ki san wa kika aura ba."

Ran nan motar ta yi sammako. Ya iske Hayatu durƙushe a bayan rumfa, ya ba shi baya, rediyo mai baki biyu na juyawa a gabansa. Gogensa ne ke tashi a hankali. Gwadabe ya tsaya cak, ƙwalla ta cika masa ido don tausayin hannun da ya ajiye.

Mai takalman da ke maƙwabtaka ya leƙo yana toshe kunne. "Don Allah Hayatu, wa ka sayen kukan akuyar ga?"

"Mutum guda," in ji Hayatu, bai ko waiwayo ba. "Shekara ashirin ba wanda yat taɓa tambaya tai, sai wani tsoho na Ƙaura. Shi ɗai nika kwafa ma, in na yi goma shi kwashe goma."