Alƙalamin da Ba Ya Son Dannawa

Tun da Malam ya shigo kantin littattafan da take aiki a ciki bai yarda sun haɗa ido ba. Ba haka mai shirin aure yake shigowa wurin budurwarsa ba.

"Alƙalami mai shan tawada nake so," in ji shi. "Na 'yan koyo, mai arha."

"Kai da biro ba ya barin aljihunka?"

"An ce wannan ba sai an danna ba."

Ta ciro wani baƙi mara nauyi, ta zuƙa masa tawada, ta tura masa takardar gwaji. Ya jima yana kallon takardar kafin ya ɗora bakin alƙalamin. Layin ya fito a karkace kamar sawun tsutsa, tawada ta taru a ƙarshensa. Ta san rubutun Malam, har ɗalibansa kwaikwayonsa suke yi.

"Wa ya ce ba sai an danna ba?"

"Likita." Ya ɓoye hannunsa mai karkarwa a bayansa. "Irin ciwon babana ne, kin kuwa ga yadda ya ƙare. Gara ki sani kafin iyayena su je gidanku."

"Shi ya sa mai arha?"

"Ban san iya lokacin da zan riƙe shi ba."

Ta tuna tsohon, da yadda ake ba shi ruwa a baki. Ta danne masa takardar da tafin hannunta.

"Sake gwadawa, Malam. Na riƙe."